Bindiga Mak 4 ɗin da ta kusa raba yaro da aikinsa: yadda aka gyara saitinta a wani sansani a kudancin Kebbi

## Asalin lamarin

Abin nan da zan rubuta a gabana akayi shi tun daga farko har ƙarshe, don ni ke riƙe da littafin ɗakin makamai a wurin aikinmu, wani ɗan ƙaramin sansani na masu gadin dajin gwamnati can tsakanin Zuru da Yauri. Duk bindigar da ta fita ni nake rubuta lambarta, duk harsashin da aka harba kuma sai an dawo min da kwansonsa na ƙirga kafin mutum ya tafi gida. Sunan yaron da sunan wurin zan barsu.

Yaron shekararsa 24, ɗan maharbi ne daga wani ƙauye a gefen Yauri, tun yana ƙarami yake bin babansa daji da bindigar toka, shiru-shiru ne bai da yawan magana, ga mata da jariri a gida. Da damina aka ɗauke shi aiki, da akazo rabon makami sai Mak 4 ta faɗo masa.

Ga wanda bai santa ba, sunanta na asali Lee-Enfield No. 4, harsashinta .303, sojan Ingila suka fara riƙe ta a hukumance a 1941, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera ta a Ingila da Kanada da Amurka. Harsashi 10 take ɗauka, kowane harbi sai ka ja sakata ka mayar, nauyinta wajen kilo 4. Ta yaron nan 1943 ne a buge a jikinta. Kuma kayan gwamnati ce mai lamba a littafi, don dokar makamai ta 1959 ta saka bindigar soja mai .303 cikin waɗanda mutum ba zai ajiye don kansa ba sai da lasisin shugaban ƙasa, shi yasa duk abin da akayi mata a filin harbi akayi shi da izinin oga.

Saitinta biyu ne. A gaba kusa da baki akwai ɗan tsinken ƙarfe a tsaye, kunnuwan ƙarfe biyu sun sa shi tsakiya don kada ya bugu. A baya kusa da ido akwai wani babban rami da kake leƙawa idan saitin yana kwance, wannan don yadi 300 akayi shi. In ka ɗaga shi tsaye zaka ga ɗan tsani mai lambobi daga yadi 200 har 1300, da ƙaramin rami wanda ake murɗawa sama ko ƙasa. Saitin baya ɗin nan baya zuwa hagu baya zuwa dama, in bindiga tana karkata gefe to tsinken gaba ake gusarwa cikin ɗan kwarin da yake zaune.

## Oktoba: harbin farko

Ƙa'idar wurinmu mai sauƙi ce, yadi 100, a kwance, harsashi 5, ana son 4 su shiga da'ira mai faɗin inci 12. Ranar 15 ga Oktoba ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba yaron ya kwanta ya harba biyar ɗinsa, muka je allo muka tarar duk sun taru wuri ɗaya, faɗinsu bai wuce inci 5 ba, amma sun hau sama da inci 7 kuma sun karkata hagu da inci 4. Oga yace ba komai tsohuwar bindiga ce kowacce da halinta, ka riƙa kama ƙasa kaɗan ta wajen dama. Ya sake biyar da wannan dabarar, 4 suka shiga, na rubuta ya ci, aka tashi.

## Janairu: abu ya lalace

Ranar 14 ga Janairu aka sake gwaji, hunturu ya kankama sosai, leɓe na tsagewa, ƙofar ofishinmu ta katako wadda da damina sai ka sa kafaɗa take rufuwa yanzu iska ma buɗe ta take. Yaron ya kama ƙasa ta dama kamar yadda aka koya masa. Ɗaya kawai ya shiga da'ira, sauran kowanne ya kama gabansa, daga na can gefe zuwa na can gefe inci 14 na auna da tef.

Oga mutumin Argungu ne, ba mugu bane amma baya son wasa da harsashi, ya dube shi yace "kai mi ya same ka? Wanga harbi ko makaho ya fi shi." Yaron yace "Yallaɓai wallahi yadda nayi wancan karon haka nayi." Aka bashi zuwa farkon Maris, in bai ci ba za a karɓe bindigar a maida shi gadin ƙofa da tocila da sanda, kuma alawus ɗin shiga daji ya tafi kenan, wanda a gaskiya shi ne ke riƙe da gidansa.

## 15 zuwa 21 ga Janairu: aka fara da gyaran mutum

Kowa ya ɗauka hannunsa ne. Sati guda kullum da yamma yana kwance a ƙarƙashin darbejiya da bindiga ba harsashi, a ɗora masa kwabo a kan bakinta ya ja kunama a hankali kada kwabon ya faɗi, yana yi har sau 10 a jere bai faɗi ba. Wani yace shayi ne ya masa yawa ya daina, wani yace goro, mahaifiyarsa ma ta aiko masa da rubutu daga gida don ita a ganinta baki ne ya kama shi. Ranar 21 ya harba 5, biyu suka shiga, faɗi inci 13.

## 23 ga Janairu: guduma da zarto

Akwai wani abokin aikinmu da ya daɗe a wurin, mutumin kirki mai son taimako, shi yace ai saitin ne kuma shi zai gyara. Lissafinsa shi ne tunda tana kai harsashi hagu to a tura tsinken dama, tunda tana hawa sama to a rage masa tsawo. Ya samo ƙusa inci 4 da guduma ya ɗora a gindin tsinken ya dinga bugu, abin yaƙi motsi, ya ƙara ƙarfi har ya gusa, sannan ya sa ƙaramin zarto irin na masu gyaran makulli ya goge kansa kaɗan. Ina tsaye a wurin ban hana ba, don ni ma a lokacin maganar ta shiga kaina.

Ranar 28 akace ya kama tsakiya sosai tunda an gyara. Ko ɗaya bai shiga ba. Huɗu muka gani a allo, tsakiyarsu ta hau sama da wajen inci 11 ta tafi hagu da wajen inci 8, na biyar ɗin ko allon bai taɓa ba. Yaron bai ce komai ba, ya tattaro kwanso biyar ya miƙo min hannunsa na rawa, ranar ko abincin rana bai ci ba.

## 4 ga Fabrairu: ruwan zafi da tantance harsashi

Wannan ni na kawo shawarar. Harsashin da muke dashi tsoho ne, mafi yawa irin da ake kira Mak 7, kuma irin waɗannan tsofaffin in an harba suna barin wani gishiri a cikin bututu wanda mai baya wanke shi, sai ya jawo laima ya zama tsatsa. Sojan Ingila ruwan zafi suke zurarawa ta ciki su busar sannan su sa mai. Muka tafasa buta biyu muka zuba ta baya da mazurari, ruwan farko ya fito ja kamar na kududdufi. Na kuma zazzage akwatin na duba gindin kowane harsashi, don akwai shekara da alamar masana'anta a buge, ashe kala uku ne a gauraye. Na ware masa biyar iri ɗaya.

Faɗi ya sauko daga inci 13 zuwa 11. Ya ragu amma bai kai ko'ina ba, kuma har yanzu suna can sama ta hagu.

## 10 ga Fabrairu: zuwan Baba

Direbanmu ne yace akwai kawunsa a Zuru tsohon soja, a 1967 ya shiga soja farkon yaƙin basasa, da Mak 4 aka koya masa harbi, daga baya kuma ya daɗe yana aiki a ɗakin makamai kafin yayi ritaya. Kowa dai yasan Zuru da aikin soja, shi ma mahaifinsa yana cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin duniya na biyu. Oga ya yarda aka ɗauko shi, dattijo ya kusa 80, ido ɗaya ya fara hazo amma hannu garau.

Ya cire gidan harsashi, ya zare sakata, ya leƙa bututun ta hasken rana, ya duba bakin ko igiyar goge-goge ta cinye gefe ɗaya, yace bututu da sauransa. Ya karɓi kwanson da aka harba ya jujjuya ko akwai tsaga, babu. Tsinken gaba, wanda shi ƙuda yake ce masa, kallo ɗaya ya masa yace "wa ya taɓa nan?" akayi shiru, bai sake tambaya ba.

Sai ya riƙe bindigar ta wuya da hannu ɗaya, ya kama katakon gaba da ɗayan ya girgiza. Dukanmu muka ji ƙas ƙas. Ya kama gindin ya murɗa, shi ma yana ɗan motsi. Ya miƙa wa yaron yace "ɗana riƙe nan kaji da hannunka."

Daga nan yace a kawo bindigar da tafi kowacce kyau a sansanin da mutumin da yafi kowa harbi, a musanya. Oga ya ɗan ja don harsashi 10 ne zasu tafi, Baba yace "Yallaɓai sai an gwada akan san na ƙwarai." Yaron ya kwanta da bindigar wani, biyar ɗinsa suka taru cikin inci 4, duka a da'ira. Gwanin namu ya kwanta da ta yaron, inci 12, ɗaya ma a gefen allo. Oga ya daɗe a tsaye gaban allunan nan biyu, sannan ya juyo yace wa yaron "tashi ka kakkaɓe jikinka, ba kai ba ne."

## 11 zuwa 17 ga Fabrairu: katako

Duk satin nan Baba bai taɓa saiti ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne sai garke ya haɗu ake kora shi, wato sai harsasai sun taru wuri ɗaya tukuna ake maganar a kai su hagu ko dama.

A gaban ƙarfen da ya kewaye kunama akwai wani babban sukuru, shi ne ke matse ƙarfen bindigar da katakon gaba. Ya sa sukudireba sai gashi ya juya fiye da rabin zagaye ba wata gardama. Ya ɗaure shi har ƙarshe amma katakon bai daina motsi gaba ɗaya ba, saboda sukurun yana bi ta cikin wani ɗan zobe ne, in ya kai ƙarshen zoben ya tsaya kenan ko katako ya matsu ko bai matsu ba, shi kuma katakon hunturu ya tsotse shi ya rame. To kowane harbi sai ƙarfen ya ɗan zauna a wani wuri daban, abin da ido ba zai gani ba amma a yadi 100 ya zama inci goma sha.

Ya kwance katakon gaba, ya goge tsohon baƙin mai da ya jiƙe shi da tsumma, ya aika Yauri aka samo man linsid wurin masu fenti, kullum ya shafa kaɗan da tafin hannu ya ajiye a inuwa, yace man inji da muke zuba mata ko'ina shi ke ruɓar da katako. Ya faɗa mana gaskiya cewa man ba zai maido da kaurin da ya tafi ba, hana shi ƙara bushewa kawai zai yi. Don haka ya yanko ɗan siririn fallen tagulla ya sa a ƙarƙashin ƙarfen kunama daidai inda sukurun ke dannawa, da ya ɗaure sai ƙarar ta ɗauke. Gindin kuma ta ɗan murfin da ke bayansa ake zura dogon sukudireba, wannan ya ɗaure shi tun katakon gaba yana kwance a gefe. A ƙarshe ya ɗaga bakin bututun da yatsa ya saki, ya koma ya kwanta kan katako da kansa, yace haka ake so.

## 18 ga Fabrairu: yadi 25

Da sassafe muka fita kafin iska ta taso. Baba yace a dawo da allo yadi 25, a nan iska bata da tasiri kuma ido na ganin komai. Aka cika buhu da yashi yaron ya ɗora hannunsa a kai, auduga a kunne, Baba ya kunna aci-balbal ya turara tsinken da hayaƙi har yayi baƙi don kada rana ta haska gefensa ta ruɗi ido.

Yaron na kwantawa Baba yace tsaya, ta wane rami kake leƙawa? Ashe tun Oktoba ta babban ramin nan na yadi 300 yake harbi a yadi 100, ba wanda ya taɓa ce masa ya ɗaga tsanin. Bindigar da aka saita don 300 dole harsashinta ya bi ta sama a yadi 100, wajen inci 6 ko fiye, don a hanya yake yana hawa kafin ya sauko. Wato hawan inci 7 na ranar farko ba wani lahani bane. Aka ɗaga tsani aka sa a 200.

Biyar na farko suka taru cikin inci ɗaya da ɗan kai. Tsakiyarsu inci 2 hagu, inci 1 da kwata uku sama. Baba yace in an sa a 200, a yadi 25 ana son su hau da kwata uku na inci kawai, kenan akwai rarar inci guda.

Nan ya zauna a kan benci ya mana bayanin da har yanzu nake riƙe dashi. Tsinken gaba kishiyar inda kake son harsashi ya koma yake tafiya. In ka tura shi dama, don ka daidaita shi da ramin baya sai ka karkata bakin bindiga hagu, harsashi ya ƙara tafiya hagu. In ka rage masa tsawo sai ka ɗaga baki kafin ka ganshi a tsakiyar rami, harsashi ya ƙara hawa. Yace a sauƙaƙe ka bi harsashin da ƙudan, in hagu suke zuwa kai shi hagu, in sama suke zuwa sa mai tsawo. Abokinmu mai guduma yana wurin, ya riƙe baki yace "Baba ashe duka biyun a juye nayi su." Baba yace ba kai ka fara ba.

Tsinken nan ba a goge shi, canja shi ake. Kala-kala aka ƙera su, kowanne da lambarsa a jiki, tsakanin ɗaya da mai bi masa inci 0.015, kuma kowane mataki na sauya wurin faɗuwa da wajen rabin inci a yadi 25, kusan inci 2 a yadi 100. Na yaron .030 ne a rubuce amma zarto ya cinye kusan mataki biyu. Muna da wasu matattun Mak 4 a sito da aka daina fitarwa, oga ya sa hannu na rubuta a littafi aka ciro lafiyayyen .030 daga ɗaya.

Wajen cirewa ne muka ga dalilin da yasa guduma ta sha wuya. A gaban mazaunin tsinken akwai ɗan sukuru da ke matse shi, kansa ba tsaga gare shi ba, ɗan tudu ne, sukudireba na gida baya kama shi. Baba ya sa aka tsaga bakin wani tsohon sukudireba da zarton ƙarfe, ya sassauta shi, tsinken ya fito da ɗan turi kawai. Ya sa sabon a tsakiya daidai ya ja layi da allura a kan mazaunin don a san daga inda aka tashi.

Biyar na biyu: tsawo ya zauna, kwata uku sama, saura inci 1 hagu. Ya karɓi birona yayi lissafin a bayan littafi. Daga ramin baya zuwa tsinke wajen inci 28.7 ne, yadi 25 kuma inci 900, to 1 sau 28.7 a raba da 900 ya bada 0.032 na inci, bai kai milimita ɗaya ba. Yace wa ke da katin ATM? Kaurin katin nan kusan shi ne abin da za a gusa. Ya ɗora guntun tagulla a gindin tsinken, ba ƙusa ba, ya ɗan ƙwanƙwasa sau biyu zuwa hagu, ya kara gefen katin da layin allura, ya ɗaure sukuru. Biyar na uku suka zauna a kan layin tsakiya.

## 19 ga Fabrairu zuwa Agusta

Washegari a yadi 100 da tsani a 200, biyar suka taru cikin inci 4, inci 3 sama da inda ya kama, ba hagu ba dama, wanda shi ne daidai ga wannan saitin. Duka aikin Baba harsashi 30 ya ci. Ranar 4 ga Maris yaron ya shiga gwaji ya sa 5 cikin 5. Ya sayi goro da turmin atamfa ya kai Zuru da kansa, Baba ya karɓi goron yace atamfar a kai wa mai jego.

A Agusta da ruwa ya zauna muka sake dubawa, katako ya sha laima, taron harsasan a allo ya gusa sama da wajen inci ɗaya da rabi amma faɗinsa na nan inci 4 zuwa 5. Ba a taɓa tsinke ba, na dai rubuta.

## Abin da na gani a ciki

Matsala uku ce ta hau kan juna muka ɗauke ta ɗaya. Hawan sama na Oktoba rashin sanin ramin da ake leƙawa ne. Karkata hagu da inci 4 ita kaɗai ce ainihin matsalar saiti, kuma kaurin kati ɗaya ne maganinta. Warwatsewar Janairu kuwa katako ne da sukuru, ba ruwanta da saiti ko kaɗan, shi yasa kwabo da barin shayi basu yi komai ba, guduma da zarto kuma suka ninka karkatar suka ƙara hawan. Ruwan zafi da ware harsashi sun taimaka da inci biyu, kuma dama abu ne da ya kamata ace muna yi tun da.

A ganina shawarar "kama ƙasa ta dama" ta ranar farko ita ta fara ɓata lamarin, don ta rufe tambayar da ya kamata ayi tun bindigar tana tara harsashi da kyau. Abin da yafi damuna kuma shi ne musanyar nan da Baba yayi, harsashi 10 ne kawai kuma ba sai tsohon soja ba, da mun yi ta ranar 14 ga Janairu da yaron nan bai yi kusan wata guda yana kwana da tunanin ya rasa hannunsa ba. Mun ƙona 15 muna gwada shi, ba wanda ya kawo a ransa a gwada bindigar, har ni da nake ɗaukarta kullum ina ratayewa.

Yanzu na ƙara layi a littafin, kowace bindiga da lambar tsinkenta da inda take kai harsashi da watan da aka auna. Mak 4 shida ke fita aiki a wurinmu, na bi sauran biyar ɗin na girgiza su ɗaya bayan ɗaya yadda Baba yayi, biyu suna wannan ƙas ƙas ɗin. Na rubuta takardar neman harsashi 30 ga kowacce da kuɗin motar ɗauko Baba kafin hunturu ya shigo, tana kan teburin oga.